Zuwa Ga Mai Gadin Ƙofar Tuba

Ashe an naɗa mai gadi a ƙofar tuba ba mu da labari. Barka da sabon muƙami, Hajiya, Allah ya taya riƙo.

Ban kira sunan kowa ba, kuma ba zan kira ba. Duk wadda ke zauren karatunmu ta ga abin da aka ɗora da asubar fari, ta kuma ga lokacin da aka goge shi. Wai wasu sun koma lauyoyin matsafa, wai a kula da irin waɗanda ake bari suna yi wa yara sharhin littafi. To an goge, amma ido ya riga ya gani. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Me na ce da ya jawo wannan? Muna tattauna Jiki Magayi, littafin John Tafida da Rupert East na shekarun 1930, aka tambaya ko Abubakar mutum ne da za a iya karɓar tubansa. Na ce ƙwarai kuwa. Iyakar laifina ke nan.

Ga waɗanda suka karanta bangon littafin kaɗai suka zo suna fatawa, bari in taya su. Abubakar na son Zainabu, ita ma tana son sa. Malam Shehu, mai dukiya, ya shigo da ƙarfin aljihu ya aure ta. Abubakar ya bar gari da ƙullin ramuwa a zuciya, ya shiga duniya neman asiri har ya samo, asirin kuma ya sauka a kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya tashi ɓarawo, har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. Mummunan aiki ne, ba mai musu. Ko sau ɗaya ban ce Abubakar ya kyauta ba. A je a duba saƙonnina, ni ba na goge nawa.

Amma mai gadin ƙofar tuba ta ce irin wannan ba shi da mafita, wanda ya taɓa asiri ya gama yawo. A wace makarantar aka koyo wannan? Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, wannan ko ɗan aji biyu na Islamiyya ya haddace. Sai dai yaron nan ya san wani abu da ya wuce Hajiya: matsafan Fir'auna da safe suka zo da igiyoyinsu da sandunansu don su kunyata Annabi Musa, kafin a watse daga filin sun faɗi suna sujada, Alƙur'ani ya ba da labarinsu a A'arafi da Ɗaha da Shu'ara'i. Sana'arsu ke nan fa, da ita suke ci. Da Hajiya ce a bakin ƙofa ranar, da ta ce su koma su kawo takardar shaida.

Sai kuma mutumin nan da ya kashe rai 99, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ya fara zuwa wurin wani mai yawan ibada, ya ce ba ka da tuba, ya cike 100 da shi. Da ya isa wurin mai ilimi sai ya ce masa, wa zai shiga tsakaninka da tuba? Ya kuma umarce shi ya bar garin da ya saba ɓarna a ciki. A lura da wanda ya rufe ƙofar da wanda ya buɗe ta. Ni ban ce komai ba.

Inda na fi so a tsaya, kuma inda aka yanke maganata aka yaɗa rabi, shi ne nan. Karɓar tuba daban, mayar da mutum matsayinsa na da daban. Wahshi ya kashe Sayyadina Hamza a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Ya musulunta, aka karɓa, ba a kashe shi ba, ba a kore shi daga Musulunci ba. Duk da haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. An yafe, ciwon yana nan. Wahshi ya ɗauki wannan nauyin ya tafi da shi har Yamama, inda ya jefi Musailama da mashi yana fatan ya zame masa madadin na farko. Irin tuban da nake nufi ga Abubakar ke nan. Ba wai Zainabu ta tarbe shi da fura ba. Ba wai Kyauta ya kira shi Baba ba. Haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai an mayar ko an nemi yafiya, shi kuwa me zai mayar? Zai dawo da uban yaron ne, ko zai dawo masa da ƙuruciyarsa? Tubansa zai zama mai tsada, wataƙila ya mutu ba wanda ya ce na yafe. Amma a ce ba shi da ikon ɗaga hannu ya yi nadama, wannan ba hurumin kowa ba ne, ƙofar a buɗe take har rai ya kai maƙogwaro.

Abin da ya fi ba ni dariya, duk zafin nan ba a taɓa ɗiga ko kaɗan a kan Malam Shehu ba. Mutum ya san yarinya na da wanda take so, ya sa kuɗi ya raba su, amma shi ba a tambayar tubansa. Shi ƙaddara ce ta faɗa masa. Talaka ne mai zunubi, mai kuɗi jarrabawa yake fuskanta. Mun dai san masu wannan karatun, a zaure ma haka suke: in mai motar nan ta yi kuskure a ce ajizanci ne, in mu ne a ce tarbiyya.

Kuma wallahi da wata ce ta faɗa da na yi shiru. Ke? Ke ce yau za ki yi maganar wanda bai cancanci yafiya ba? Lokacin da aka gano labarin da kika ɗauko na wata, kika canja sunaye da gari kika sa naki a kai kina karɓar kuɗin mutane, wa ya tsaya miki? Da aka ce a cire ki daga zaure, muryar wa aka ji tana cewa ɗan Adam ne, a rufa asiri? Saƙon muryarki na nan a wayata, kina kuka kina haɗa ni da girman iyayena. Ban taɓa tura wa kowa ba, ba kuma zan tura ba, don ni ba haka aka yi min tarbiyya ba. Yarinyar da kika ci guminta har yau ba ki mayar mata da ko sisi ba, amma mun karɓe ki, muna gaisawa, muna ce miki Anti. Kin shige ta ƙofar, kin juyo kin danna mata kwaɗo, har mutumin cikin littafi ma ba ki yarda ya bi bayanki ba.

An ce min wai ba da ni ake ba. To madalla, ni ma ba da ke nake ba.

Masu kirana a waya suna cewa in yi haƙuri, na gode, haƙuri na yi shi har ya gaji da ni. Ra'ayina kan Abubakar bai canja ba, wanda ke da hujja ya kawo ta a zaure da sunansa a kai, ya bar ta ta kwana.

Asabar mai zuwa Ruwan Bagaja za mu ɗauka. Alhaji Imam da Malam Zurƙe kowanne ya yi wa ɗan uwansa tsiyar da ta ishe shi, ƙarya da damfara ba wadda suka bari. Mai gadin ƙofar tuba ta zo da makullinta, mu ga ko duka biyun za ta rufe wa, ko kuwa ɗayan za a ɗaga wa ƙafa tunda shi Alhaji ne.