Mai kaɗai ba ya wanke tsohuwar bindiga

Wasu masu tara tsofaffin bindigogi masu cin harsashi ɗaya, irin su Martini-Henry ta 1871 ko Springfield ta 1873, suna ɗauka shafa mai bayan harbi ya wadatar. Kuskure ne. Baƙin albarushin da ake harba su da shi yana barin toka mai gishiri a cikin bututun bindigar. Gishirin na jan danshi, mai kuwa ba ya narkar da shi, lulluɓe shi kawai yake yi, tsatsa na cin ƙarfe a ƙarƙashi.

Ruwan zafi da ɗan sabulu ake sawa, ranar da aka yi harbin. A yi ta tura jiƙaƙƙen tsumma har ya fito fes, a busar sarai, sannan mai. Bayan kwana 2 a sake leƙawa.