Kaburburan Dartmoor: ba dokar daji aka kai su ba

Duk wanda ya hau tuddan Dartmoor a kudu maso yammacin Ingila yau, ba abin da zai tarar sai ciyawa, fadama da hazo, sai tsibin duwatsu jefi-jefi. Da yawansu kaburbura ne da suka kai shekara 4,000. Shi ya sa ake ɗauka cewa mutanen da can dokar daji suke kai gawa, nesa da gida. Sam ba haka ba ne.

A zamanin tagulla, wato lokacin da aka gina kaburburan nan, wurin ya fi yanzu ɗumi, kuma a nan jama'a suke zaune, suna noma da kiwo. A Grimspound, kufan wani tsohon ƙauye a Dartmoor, har gobe ana ganin tushen ɗakuna 24 a cikin katangar dutse, ga kuma dogayen iyakokin gonaki da suka ratsa tudun. Daga baya ne sanyi da ruwa suka ƙaru, ƙasa ta daina ba da amfani, mutane suka gangara kwari. Abin takaici, yanzu wasu masu yawon tsauni kan kwashe duwatsun kaburburan su gina maɓoyar iska da su.

Abin da aka tono a Whitehorse Hill, ɗaya daga cikin tuddan Dartmoor, a 2011 shi ya fi taɓa min zuciya. A wani ɗan akwatin dutse aka sami ƙasusuwan mamaci da aka ƙona, an naɗe su a fatar dabbar beyar. Kusa da su akwai kwando mai duwatsun ado sama da 200, har da 'yan kunne na itace da aka sassaƙa da kyau.