A bar yara su gundura a wannan hutun

Da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, kafin yaro ya tuɓe yunifom takardar lesin ta riga shi isowa gida. A garin Kaduna, daga Malali har Tudun Wada labarin ɗaya ne: lesin da safe, Islamiyya da yamma, wani gidan ma ga malamin lissafi bayan magariba. Agusta ta wuce, Satumba a koma aji, yaron bai san an yi hutu ba.

Ni dai a ganina muna cutar yaran nan, ko da yake da kyakkyawar niyya muke yi. Yaro yana buƙatar lokacin da babu wanda ya tsara masa komai, ya zauna har zaman ya ishe shi, ya zo yana cewa "Umma, babu abin yi." Wannan maganar ita muke gudu, alhali daga ita abin kirki ke farawa. Idan aka ƙyale shi zai yi ƙunƙuni, ya yi ta birgima a tabarma, can sai ka ji shiru. Ka leƙa ka tarar ya samo gwangwanin madara da tsohon silifa yana yanka tayoyin mota. Waye ya koya mana motar kara? Wa ya tsara mana langa, ko carafke, ko 'yar gala-gala? Yara ne ke kafa dokar wasansu, su yi gardama a kan wanda ya yi maguɗi, su ɓata, su shirya ba tare da an kira babba ba. A nan ake koyon haƙuri da iya zama da mutane, kuma babu lesin da ke sayar da wannan.

Kada wani ya ce ai ra'ayin Turawa ne. Makarantun allo tun kaka da kakanni suna hutun Alhamis da Juma'a, kuma su suka yaye mahaddatan da muke alfahari da su. Manomi ma ya san gonar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu, ƙarshenta amfaninta raguwa yake. A hukumance kuma, sashe na 31 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a rana. Yaron da ke tsakanin benci da Keke Napep tun safe har dare, a ina zai samu?

Na san uzurin iyaye, kuma ba na raina shi. A Kaduna ta yau ba kowa ne zai saki ɗansa ya shiga unguwa kamar da ba, tsoron satar yara gaskiya ne. Uwa tana aiki, uba yana kasuwa, lesin ya zama wurin ajiya. Mai shirin jarrabawar WAEC shi ma nasa daban ne. Amma ɗan aji biyu na firamare fa? Wasu makarantun kuɗin ma, mu faɗi gaskiya, albashin Agusta suke nema da lesin nan. A rage shi zuwa kwana uku a mako, ko a bar masa yammacinsa a tsakar gida da 'ya'yan maƙwabta, ko a kai shi gidan kaka ya yi mako biyu ya ga yadda ake gasa masarar damina.

Sharaɗi ɗaya ne: ban da waya. Idan yaro ya ce zama ya ishe shi kika miƙa masa TikTok, kin kashe gundurar tun ba ta haifi komai ba. Ki daure da hayaniyar da ɓata tsakar gidan.

Wannan duk maganar masu halin biyan lesin ce. Yarinyar da ke yawo da farantin dafaffiyar gyaɗa a tashar Kawo tun safe ita ma ana ce mata tana hutu, kuma ita ko damar ta ce zama ya ishe ta ba ta samu ba.