"An yi hoto, an ce babu komai"

Aikina ɗaukar hoton ƙashi ne a nan Kano, kuma wannan maganar tana ci mini rai duk lokacin da na ji ta.

Kwanakin baya wani dattijo ɗan kasuwar Kwari ya zo, ɗansa na riƙe da shi, takalmi ɗaya a hannu. Gindin babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, yana sheƙi, ya ɗau zafi. Ya ce da tsakar dare yake tashinsa, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Na ce, "Baba, tun yaushe?" Ya ce an daɗe, tun farko ma ya yi hoto a wani wuri aka ce lafiya lau, sanyi ne. Daga nan sai kemis da mai ɗori.

Da hoton ya fito, ga ƙashin gefen gaɓar ya zaizaye kamar ɓera ya gatsa, bakin ramin ya yi fari ya ɗan lanƙwaso, amma tazarar gaɓar tana nan, ƙashin bai yi laushi ba. Likita na gani ya ce gawut ne. Sinadarin yurik asid ne yake yawa a jini, ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Abin da mutane ba su sani ba, wannan zaizayar sai ciwon ya shekara da shekaru take bayyana. A farko hoto kumburi kawai zai nuna. Ashe hoton farkon bai yi ƙarya ba, bayanin da ya biyo baya ne ya gaza.

Akwai wani ciwon, ɗan uwan gawut, da ke kama tsofaffi a gwiwa da wuyan hannu, shi kuma kalsiyam ne ke kwanciya a guringuntsi, sai ka ga siririn farin layi a tsakiyar gaɓa. Mai gaggawa zai wuce shi. Tabbaci kuwa sai an zuƙo ruwan gaɓar an duba a madubin likita.

Don Allah abokan aiki, mu daina sallamar mutum da "babu komai". A tambaye shi kayan ciki da balangu da lemon kwalba, a tambayi maganin hawan jinin da yake sha, don irin waɗannan na iya ƙara yurik asid, a tura shi gwajin jini da na ƙoda. Baban nan shekarunsa yana haɗiyar maganin rage zafin ciwo na diklofenak, yanzu ƙodarsa ce ta fi damun likita fiye da yatsan.