Filin jirgin Iferwan ba na masu yawon buɗe ido kaɗai ba ne

Wata magana da ke yawo a fadodin shayi na Damagaram kwanan nan ta dame ni. Wai ƙananan filayen jirgin sama irin na Iferwan, can cikin duwatsun Abzin, asarar kuɗi ne, tunda Turawa masu yawon buɗe ido sun daina zuwa. Har da masu ilimi cikin masu faɗin haka.

Gaskiya ne baƙi sun ɗauke ƙafa tun tawayen Abzinawa na 2007, wanda a Iferwan ɗin aka fara kai harinsa, sannan sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. To amma wa ya ce don Bature kaɗai jirgi ke sauka? Iferwan gari ne mai jama'a, ya zama gunduma tun 2011, akwai masu lambu, makiyaya, malaman makaranta da mata masu ciki. Hanyar da ke kaiwa can babu kwalta, rairayi ne da duwatsu. Da damina kuwa, in ruwa ya gangaro daga tsaunuka ya cika ƙoramu, sai mota ta tsaya har ya janye. Mace da haihuwa ta zo mata da gardama ba ta da wannan lokacin jira. Haka yaron da maciji ya sara.

Mu mutanen Damagaram ya fi kamata mu gane haka. Tsakaninmu da Agadas kusan kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisanat, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san yadda take cin mota da ƙugu. Mu da ke kukan nisan Yamai, da filin jirginmu a bayan gari, mu ne za mu ce wa mutumin Abzin ya haƙura? Wannan rashin kunya ne.

Masu cewa a fara gyara hanya tukuna, shekara nawa ke nan ana faɗin haka?

Ba wanda ya nemi katafaren gini mai gilasai. A riƙa share filin, a kewaye shi don kada raƙuma da awaki su shiga, a ajiye mai, a sa ƙaramin jirgi ya riƙa sauka ko sau ɗaya a mako, a ware kujera ga mara lafiya. Jiragen soja ma, in sun je aikinsu, me zai hana su ɗauko wanda ke kwance zuwa asibitin Agadas ko na nan Damagaram?