Wasiƙun manyanmu: a ceto su kafin gara ta riga mu

Kwanakin baya wani dattijo a nan Sakkwato ya buɗe mini adakar mahaifinsa, wanda ya yi aikin En'e, wato hukumar gargajiya, a zamanin Jihar Arewa. A ƙarƙashin tsofaffin riguna muka tarar da wasiƙu goma sha wani abu, an buga su da tafireta, da kan sarki a jikin ambulan. Uku daga ciki gara ta cinye su har wurin sa hannu. Na daɗe ina riƙe da ɗaya, raina a ɓace, domin ba wanda zai sake sanin abin da ke cikin layukan da suka tafi.

Jawabin shugaba a taro an shirya shi ne don jama'a su ji. Wasiƙa kuwa mutum ɗaya ake rubuta wa, shi ya sa a cikinta ake ganin inda shugaba ya yi shakka, wanda ya roƙa, da abin da ya ƙi amincewa da shi. Wannan ne ya sa masu bincike ke tururuwa zuwa Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar tarihi a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kano ma ta yi nata, gidan Malam Aminu Kano na Mambayya yana hannun Jami'ar Bayero.

Mu fa? Garin nan da wasiƙa aka san shi. Muhawarar da Muhammadu Bello ya yi da Shehu al-Kanemi na Borno kan halaccin jihadi ta wasiƙa aka yi ta, kuma mun san hujjar kowane ɓangare ne saboda an kwafe an adana. A 1824 Bello ya ba Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, wasiƙa zuwa ga sarkin Ingila. Jikokin waɗannan mutane bai kamata su bar takardun Shehu Shagari, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, da na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, su warwatsu a gidajen waɗanda aka aika wa ba.

A ganina Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ya dace ta jagoranci aikin, tare da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Gwamnati tana canjawa, kowace da abin da ta sa gaba, amma jami'a tana nan, kuma tana da ɗaliban da za su karanta.

Na san abin da iyalai ke tsoro: kada asirin gida ya fita, ko a tono wata tsohuwar rigima ta siyasa. Tsoron yana da hujja, ba na raina shi. Sai dai akwai mafita. A rubuta yarjejeniya cewa ba za a buɗe wasu takardun ba sai bayan shekarun da iyali suka yanke. Wanda ba ya son rabuwa da asalin takarda, a je har gida a ɗauki hotonta a sa a kwamfuta, a bar masa abinsa.

Dattijon nan ya ce mini a shirye yake ya bayar, in dai wani daga jami'a zai zo ya yi sallama a ƙofarsa. Shekarunsa sun haura 80.