An wanke Crocodile Dundee, amma ina haƙƙin Gulpilil?

A 2025 ne aka sake fito da fim ɗin Crocodile Dundee na 1986, an goge hotonsa tas, an yanke wani wajen da aka ce bai dace da zamani ba, sai ga masu sharhin fim a Ostareliya suna ta cacar baki, wasu na cewa an yi daidai wasu na cewa an lalata tarihi. Ni duk wannan gardamar ba ta dame ni ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda aka zauna ana ta lissafin daƙiƙun da aka cire, amma ba a tsaya an yi lissafin abin da ya shiga aljihun David Gulpilil ba, ɗan wasan nan ɗan asalin ƙasar Ostareliya (Aborijin) da ya fito a matsayin Neville a fim ɗin.

Duk wanda ya kalla ya san wajen. 'Yar jaridar nan ta Amurka ta ɗaga kyamara za ta ɗauke shi hoto, ya ce mata ba zai yiwu ba, ita kuma ta zaci irin camfin nan ne na cewa hoto yana sace kurwa, sai ya ce a'a, murfin kyamarar ne ba ki cire ba. A 'yan daƙiƙun nan ya yi wa Bature dariya a cikin fim ɗin Bature. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300 a duniya, a Amurka Top Gun ne kawai ya fi shi samun kuɗi a shekarar, tauraron fim ɗin Paul Hogan ya zama attajiri, shi kuwa Gulpilil abin da aka ruwaito an ba shi dala dubu 10 ne. Ya koma garin Ramingining a yankin Arnhem Land da ke arewacin Ostareliya, ya shafe shekaru yana kwana a ɗakin langa-langa.

Kuma fa ba ɗan koyo ba ne a lokacin. Tun yana matashi darakta Nicolas Roeg ya gan shi yana rawar gargajiya ya saka shi a Walkabout na 1971, a zamanin da har ana shafa wa farar fata baƙin fenti ya fito a matsayin ɗan asalin ƙasar. Daga nan Storm Boy a 1976, The Last Wave a 1977, can gaba Rabbit-Proof Fence da The Tracker duk a 2002. Shekara hamsin yana fitowa a fim. An ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 1987, hoton da aka zana nasa ya ci kyautar gasar zane ta Archibald a 2004, wato wajen karramawar da ba ta cin kuɗi ba a taɓa yi masa rowa ba.

Na san abin da za a ce, wai ai giya ce ta cinye shi, ko nawa aka ba shi ba zai tattala ba. To tun yaushe aka fara auna kuɗin aikin ɗan wasa da yadda zai kashe su? Taurarin Hollywood nawa ne suka yi ta shiga da fita gidan gyaran hali amma ba a taɓa rage musu sisi ba saboda haka? Gaskiya ne an ɗaure shi a 2011 kan dukan matarsa, laifi ne babba ba wanda zai wanke shi, kuma ya yi zaman gidan yarin. A can ne ma darakta Rolf de Heer ya je ya same shi, suka haɗa labarin Charlie's Country tare, fim ɗin da ya sa aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a wani rukuni na bikin Cannes a Faransa a 2014. Masu cewa ai yarjejeniya ya sa wa hannu da kansa kuwa, ban ga amfanin tanka musu ba, yarjejeniya tsakanin mai lauyoyi da wanda Turanci ba harshensa na fari ba ne ai sunanta kawai yarjejeniya.

Mu ma a nan kada mu yi saurin nuna yatsa, ba mu manta da ƙurar da ta tashi a Kannywood a 2022 ba lokacin da wata dattijuwar 'yar wasa ta faɗi abin da ake ba ta a fim, aka yi mata ca maimakon a duba maganar.

Da Gulpilil ya rasu ranar 29 ga Nuwamba 2021 a garin Murray Bridge na kudancin Ostareliya bayan fama da kansar huhu, danginsa sun roƙi a daina kiran sunansa na wani lokaci bisa al'adar ƙabilarsa ta Yolngu, jaridu suka bi, suka koma kiransa David Dalaithngu, kowa ya yaba da wannan ladabi. Madalla, amma ladabin nan bai ci kowa kwabo ba. Shekara biyu bayan nan, a Oktoban 2023, kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara kawai a tsarin mulki.

In dai da gaske ake son gyara fim ɗin, a ware wani kaso na kuɗin tikitin wannan sabon fitowar a kai wa iyalansa da al'ummar Ramingining, ƙungiyar 'yan wasan ƙasar kuma ta buɗe tsofaffin kwantiragin 'yan asalin ƙasa ta duba nawa aka biya kowa.